Ranar da Inna ta Wanke Kuɗin Rumawa

Duk abin da zan manta a duniyar nan, ban da ranar da Inna ta wanke mini kuɗin Rumawa. Idan na fara ba da labarin mutane dariya suke yi, ni ma nakan taya su, don farkonsa abin dariya ne. Amma wankin nan shi ya fitar da ni daga gidan ubana, shi ya raba ni da ita kanta Innar har ta koma ga Mahaliccinta.

A lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a Anka, ina zaune a ƙauyenmu da ke kusa, kullum ina kan babur tsakanin gida da makaranta. Tun ina yaro Allah ya jarabce ni da son tsofaffin kuɗi. Anini, kwabo mai huji, taro, sisi, duk wanda na ji yana da irinsu a ƙasan adaka sai na bi shi da naci har ya gaji ya ba ni. Mai ɗakina kan ce sauran mata sun auri maza, ita ta auri mai tsince-tsince. Ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya ta faɗa.

Ana nan sai wani abokina na ƙuruciya, birkila ne, ya dawo daga Libiya inda ya je neman aiki. Da na je yi masa barka da zuwa, ya zaro wani ƙullin leda daga aljihun jakarsa ya jefo mini.

"Ga tsarabakka, sarkin tarkace," in ji shi. "Muna ginar hwandishan kusa ga teku munka ishe su cikin ƙasa. Kowa yay yar da nashi, ni ko nit tuna da kai."

Na kwance ƙullin, sai ga tsofaffin kuɗi, ba su cika tafin hannu ba. Baƙi-baƙi ne da kore-kore, wasu ma gefensu ya cinye. Amma da na kai su haske sai ga kan mutum, da dogon hanci, da wani abu kamar ganye an naɗa masa a ka, ga rubutun boko ya kewaye shi. Na ɗauki lokaci ina bincike a waya, ina gwada hoto da hoto, har na tabbata kuɗin Rumawa ne. Rumawan nan dai da muka haddace surarsu muna yara, waɗanda nake koya wa ɗalibai labarinsu ba tare da na taɓa ganin ko tsinken tsintsiyarsu ba, yau ga abin da suka yi cefane da shi a hannuna.

Nan take na ƙudura cewa tarin gaske zan fara. Na sa kafinta ya yi mini ɗan akwati mai gida-gida, na shimfiɗa auduga a ciki. Na roƙi abokin nan idan ya koma ya riƙa sa mini ido. A binciken da na yi na karanta cewa ba a wanke irin kuɗin nan, wai koren da ya rufe su shi ne rigarsu, shi ya tsare su tsawon zamani. Na karanta na wuce abina. Wa zai kawo wa ransa akwai mai wanke kuɗi?

To, akwai, kuma a gidanmu take. Inna mace ce da ba ta shiri da dauɗa ko kaɗan. Tasoshinta na tagulla da ta zo da su tun aurenta, har ta tsufa kana iya duba fuskarka a jikinsu. Ta ji ina gaya wa mai ɗakina cewa shugaban makarantarmu da wasu malamai za su zo ganin kuɗin, sai abin ya tsaya mata a rai. Yaya za a yi manyan baƙi su zo, ɗanta ya fito musu da abu duk tsatsa, kamar gidan ba mata? Ta bari sai da na tafi aiki, mai ɗakina kuma ta fita barkar haihuwa, ta jiƙa tsamiya, ta ɗebo toka da yashi mai laushi, ta zauna ta yi aikin da ta fi kowa iyawa. Da ta gama ta baza su a faifai a tsakar gida su sha iska. Ga shi daddawa take sayarwa, mata ba sa yankewa a gidanmu tun safe har la'asar.

Ina shigowa da babur na hango wani abu yana walƙiya kusa da turmi. Na matsa, na durƙusa. Manyan cikinsu sun koma rawaya fes, suna ɗaukar ido. Hancin nan da ganyen nan da rubutun nan, rabi duk sun tafi da yashi. Inna ta fito daga madafa tana goge hannu a zane, fuskarta cike da murna.

"Ka gane su ko? Tun hantsi nika hwama da su. Yanzu ko Gwamna za ya zaka, ba ka jin kumya."

Da ta ga idona ya kawo ruwa sai murmushin ya gudu daga fuskarta.

"Mi na na? Ɓarna niy yi?"

"A'a Inna, ba komi. Sun yi kyawo."

Ta san ƙarya nake yi, ita ta haife ni. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Ina ganin an yi mini asarar da ba ta da na biyu, ina ta juya fuskokin da suka shafe ina jin kamar in yi kuka. Yau idan na tuna da wannan baƙin cikin nakan ji tausayin kaina, don ban san ko bakin ƙofar asara ban kai ba tukuna.

Wanda bai zauna a yankinmu ba ba zai gane abin da rawayan ƙarfe ke yi wa mutane ba. Tun da aka fara haƙar zinari, kowa da zinari yake kwana yake tashi. Ko abin da ya faru a Dareta da maƙwabtanta, inda gubar dalma ta kwashe yara, bai cire wa jama'a abin daga zuciya ba. A irin wannan wuri ne mata suka shigo sayen daddawa suka ga abu rawaya baje a faifai. Kafin kasuwa ta zagayo, zance ya tashi daga bakin rijiya ya shiga majalisa, ya yi ƙafa ya yi hannu. Wai Malam ya tono tukunyar zinari a kangon kakansa. Wai da faifai ake shanya shi a gidansu kamar gero.

Da farko abin dariya ya riƙa ba ni. Masu faci suka koma kirana Alhaji. Dangin da rabona da su tun sunan ɗana na fari suka fara zuwa gaishe da Inna. Ina ta rantsuwa cewa tagulla ce, ana ta yi mini murmushin "mun gane". Ashe duk rantsuwar da na yi ƙara wa zancen gishiri take.

Dariyar ta ƙare ne ranar da wani dattijo makiyayi, wanda ke riƙe mana 'yan shanunmu tun zamanin mahaifina, ya tare ni a hanya da tsakar rana. Bai ko tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne.

"Malam, sunanka ya kai daji," in ji shi, yana waige-waige. "Ni dai na hwaɗa maka. Kak ka ce wa kowa daga bakina kaj ji."

A shekarun nan kowa ya san ma'anar sunan mutum ya kai daji. 'Yan bindiga ba sa tambayar ko abu gaskiya ne, ɗaukar mutum suke fara yi, sauran bayani ya biyo baya. Kuma me zan ba su idan sun ɗauke ni ko wani nawa? Tagulla?

Na garzaya wurin mai unguwa. Shi ya ba ni shawarar in kashe maganar a bainar jama'a. Ranar kasuwar Anka na kwashi kuɗin na kai rumfar wani dillalin zinari da kowa ya yarda da idonsa, na ce ya gwada su a gaban mutane. Kafin ka ce me, rumfa ta cika. Ya ɗauki mafi girma, wanda ya fi sauran ragowar fuska, ya goga a baƙin dutsensa, ya ɗiga masa asid. Abin ya yi kumfa, ya koma kore. Don kada a ce ciki ne zinarin yake, ya sa kurfi ya raba shi biyu. Ina tsaye ina kallo, abin da ya tsira daga zamanin Rumawa ya zo ya mutu a kasuwar Anka, kuma ni na kawo shi da hannuna.

"Jama'a, tagulla ta," in ji dillalin, yana ɗaga ɓarin sama. "Ko ɗan kunne ba a yi da wagga."

Har na fara sauke ajiyar zuciya, sai wani daga baya ya ɗaga murya.

"To, da wa za ya kawo na ƙwarai kasuwa? Malam ai ba wawa ba na!"

Aka kwashe da dariya. Wasu har da tafawa, suna yaba wayona. A nan na san ta ƙare mini. Babu abin da zan nuna a duniya wanda zai tabbatar da cewa ba ni da abin da ba ni da shi.

Inna ce da kanta ta kore ni. Ta kira ni ɗakinta bayan sallar la'asar, ta ce in kwashi iyalina in bar garin. Na ce ba inda za ni sai da ita. Ta girgiza kai.

"In munka tashi duka, an ce mun gudu da dukiya, su bi ka har inda kat tahi. In ina nan ina saida daddawata, wata rana a gaji a bari. Kuma ɗakin ga da anka kawo ni, cikinai za a hidda gawata."

Na yi roƙo, na yi fushi, na turo mata liman, na turo ƙanenta. Ko gezau. Daga ƙarshe na nemi canjin wurin aiki zuwa Gummi, inda dangin mai ɗakina suke, na kama haya. Ranar da za mu tashi ta riƙe hannuna a zaure, ta ce, "Ni na jawo maka. Ka yahe mani." Na ce mata babu abin yafewa, tsafta ta yi, ba laifi ba. Na faɗa mata haka a ranar, na faɗa a waya, na faɗa duk zuwan da na yi, amma maganar ba ta taɓa shiga zuciyarta ba. Wannan shi ya fi komai ci mini rai, tsohuwa tana ɗauke da nauyin da ba nata ba.

Zuwan nawa ma ba na kirki ba ne. Ba na sanarwa, ba na kwana, ba na bin hanya ɗaya sau biyu. In shiga da hantsi in fito kafin azahar, kamar ɓarawo a gidan da aka yanke mini cibiya. Abokina birkila ya sake dawowa da wani ƙullin, na ce ya riƙe abinsa, na gode. Akwatin kuwa yana ƙarƙashin gado, ban ƙara buɗe shi ba.

Ciwon ajalinta ya zo ne a lokacin da aka datse layukan waya a jihar, hanya kuma ta yi muni, sai a yi kwanaki mota ba ta bi ba. Ban ji ta kwanta ba, ban ji ta yi tsanani ba. Wani direba ne ya same ni a bakin makaranta, ya cire hula, ya yi mini ta'aziyya, yana zaton na riga na sani. Ko da na isa gida har an share makoki. Maƙwabciyarmu da ta yi jinyarta ta ce har ranar ƙarshe Inna tana hana a aiko mini, wai kada in biyo hanya saboda ita. Kabari kawai aka nuna mini, ƙasarsa ta riga ta bushe.

Na zauna a tsakar gidan, mata suna ta shigowa yi mini gaisuwa, suna kuka na gaskiya. Na san a cikinsu akwai wadda ta fara kai zancen bakin rijiya, na kuma san ba da mugunta ta yi ba. Abin sha'awa ta gani ta faɗa, ta wuce ta manta. Har yau ban san ko wace ce ba, ban kuma nema ba.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. A ƙasarmu ta yau, ba sai ka ɗauki bindiga za ka raba uwa da ɗanta ba, ya isa ka faɗi abin da ka hango a tsakar gidan wani. Tun daga lokacin, duk abin da idona ya gani a gidan mutane, a nan nake barinsa in fito.