Takardar da na ɓare

Shekara huɗu ina aiki a New York, Baba bai san wace dabba nake ciyarwa ba. Ranar da na samu aikin na ce masa kamfanin haɗa abincin dabbobi ne. Shi kuma a duniyarsa dabba rago ce, sai in an matsa a ce saniya. Ya yi hamdala, na bar shi a haka.

Aladu ne. Ban taɓa taɓa ko ɗaya ba, ban ma taɓa jin warinsu ba, suna can gonaki a wasu jihohi masu nisa. Ni ina hawa na shida da kwamfuta, ina lissafin abin da ɗan alade zai ci daga yaye har ya isa kasuwa. Masara ba ta da isasshen wani sinadari mai gina tsoka, laisin, ɗaya daga cikin abubuwan da muke kira amino asid. Aikina in rage waken soya, in cike giɓin da garin laisin da 'yan uwansa, in riƙa sauya ma'aunin yadda dabbar ke girma. Na iya aikin, kuma abin da ya fi ba ni kunya shi ne ina jin daɗinsa. Da yamma in hau jirgin ƙasa in koma unguwarmu ta Flatbush, in yi alwala, in ce wa zuciyata ai lissafi kawai nake yi.

Baba mai turka raguna ne tun kafin a haife ni. Wata huɗu kafin Babbar Sallah yake sayo ramammu, ya ɗaure su a bayan gida, ya yi ta ɗura musu dusa da harawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Duk ranar Lahadi sai ya kira, ya juya wayar in ga ragunan ɗaya bayan ɗaya.

"Uwata, ke da kike likitar raguna a Amurka, ba za ki aiko mana da sirrin Turawa ba?"

In yi dariya in kawo zancen damina. A shekara ta huɗu ya sayi raguna tara, mafi yawa da ya taɓa turkewa, ya ce ya riga ya faɗa wa abokansa na kasuwar dabbobi bana da ilimin 'yarsa zai yi kiwo. Nan dariyar ta ƙare mini.

A ofis akwai kabad da ake tara samfurin da 'yan kasuwa ke aiko mana, kowa na iya ɗauka. Na zaɓi wani ƙaramin buhu na garin ƙari da ake barbaɗawa a abinci. Na duba na ga laisin a ciki, na ga babu komai na jikin alade, sai gishiri-gishiri da bitamin. Na tsaya a nan. Ɓangaren ma'adinai ba teburina ba ne, kuma ban tambayi mai teburin ba, don kada ya ce me zan yi da shi.

Matsalar ɗaya ce, a jikin buhun akwai takarda da hoton wani alade ja-jawur yana murmushi. Wata maƙwabciyata 'yar Nijar ce za ta kai wa Baba saƙon, don ta Kano za ta bi. Safiyar tafiyarta na zauna a kicin da wuƙa da ruwan ɗumi na ɓare takardar tsaf, na jefa ta a durowa, na rubuta da alƙalami: cokali biyu a kwanon dusa. A filin jirgi na JFK ta ɗaga buhun ta jinjina.

"Wannan fa? In 'yan kwastan sun tambaya in ce mi?"

"Ki ce maganin raguna ne."

Wata biyu ragunan suna ta sheƙi. Baba ya ga cokali biyu ya yi kyau, sai ya mayar da shi huɗu. Saura kwana goma Sallah ya kira ni ranar Talata, abin da bai saba ba. Raguna sun daina ci, idanunsu sun yi rawaya, fitsarinsu ja kamar zoɓo. Kafin Juma'a biyar sun mutu.

Na buɗe durowa na ɗauko takardar. Can ƙasan ƙafafun aladen, da ƙananan haruffa, an rubuta kada a ba tumaki, akwai sinadarin jan ƙarfe da yawa. Alade yana ɗaukarsa ya ƙara girma. Rago kuwa hantarsa tarawa take yi a hankali, har ranar da za ta saki. An koya mini wannan a jami'a. Da na karanta takardar sau ɗaya da na tuna, amma hoton kaɗai na tsaya kallo.

Na yi shiru kwana biyu, kuma ba zan ƙawata shi ba, tsoro ne. Ranar Lahadi Baba ya kira. Ya ce ya gano mai laifi, mutumin da ke sayar masa da dusa shekara ashirin. Ya je har rumfarsa a gaban jama'a ya ce masa ruɓaɓɓiya ya ba shi.

"Da ba don garinki ba, Uwata, da ko huɗun nan ba su tsira ba. Sauran garin da ya rage zan raba wa maƙwabta."

"Baba, kada ka ba kowa. Ka haƙa rami ka binne shi."

Na faɗa masa duka, aikin, aladun, hoton, wuƙar. Ina jiran ya yi salati, ya ce wace irin sana'a ce wannan ga 'yar Musulmi. Na daɗe da tanadar amsoshi, har da abin da wani malami ya taɓa gaya mini. Bai tambayi ko ɗaya ba. Ina jin kukan ragunan da suka rage a bayansa.

"Takardar tana nan?"

"Tana hannuna."

"Da kin bar ta a jiki, ai da na kai wa malamin dabbobi ya karanta mini."

Ya ce bari ya sa riga, yana da wurin zuwa, ya kashe wayar.

Da ya kira Lahadin da ta biyo, bai juya wayar wajen turke ba. Na tambaye shi labarin mai dusa. Ya ce ya je ya ba shi haƙuri a rumfar, a gaban mutanen da suka ji zagin.

"Me ka ce masa, Baba?"

"Na ce masa ni na yi kuskuren awo."