Ƙunar Kuncin Ɗan Shimit

A duk Jabo gidanmu kaɗai ke da sunan da ba a san kansa ba. Gidan Shimit ake ce mana, haka aka rubuta mini a firamare, yara suna ta yi mini dariya. Kakata, Inna Kulu, ita ke riƙe da labarin sunan. Bayan magariba, idan an sauke tuwo, sai mu kewaye sauran wutar murhu, ta miƙe ƙafa da guntun kara a hannu.

Ta ce surukinta, kakan babana, fatauci ya kai shi ƙasar Togo, ya kama aiki wurin wani Bajamushe mai suna Shimit, wanda kakanninsa maƙera ne can ƙasarsu, daga sana'ar suka samo sunan. Da yaƙi ya kori Jamusawa, sai ya yo arewa a ƙafa, ya ratsa Yawuri, ya yi damina biyu a Fakku ta ƙasar Kebbe, sannan ya sari daji a Jabo. Aka yi ta kiransa Ɗan Shimit har ya mutu.

Wannan bai taɓa canzawa ba. Inda ya fito kafin Togo ne ke canzawa: yau Bagobiri, gobe Bazamfare. Tana kuma cewa kuncinsa biyu tabon ƙuna ne, wata rana na gobara, wata rana na tafasasshen mai. Ni kuwa tun ina ƙarami na tsani rufa-rufa. Na lura duk sanda ta iso nan sai ta sunkuya tana tonon toka da karan nan.

"Inna, wace gobara ce za ta ci kunci biyu daidai wa daida, ta bar hanci?"

"Kai angon banza, mi kaka nema? Labari nika ba ka, ba shari'a mukai ba."

"To wa ya haife shi?"

"Mutum na ya haife shi. Ci tuwonka."

Na ji haushinta ƙwarai. Da na girma sai zargina ya ƙaru. Tsagar fuska ita ke faɗin asalin mutum, kuma bafatake ba shi da dalilin goge tasa. Wanda ya tsere daga bauta ne ke sa wa kuncinsa wuta, don kada a gane shi. Inna ta rasu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Bara wani malamin makaranta daga Dogon Daji ya nemi auren 'yata Hadiza, ita ma ranta na kansa. Danginsa suka aiko wani dattijo binciken asali. Na san da ya ji ƙanshin bauta, magana ta mutu. Muka zauna a zaure, ya ce, "Malam, wanga Ɗan Shimit naku, ɗan wa na?"

Na ce Bagobiri ne, ɗan fatake, gobara ta ci fuskarsa a Togo. Ko gargada ban yi ba. Dattijon bai dubi fuskata ba, hannuna yake kallo. Ashe tsinken tabarma na zara ina tonon ƙasa da shi.

"Allah shi jiƙan magabata," ya ce, ya jawo takalmansa.

An ɗaura aure, amma har yau ban sani ba ko ya yarda ko rufa mini asiri ya yi. Shekara da shekaru ina tuhumar Inna da ƙarya, ban taɓa tambayar kaina wa take karewa ba. Yanzu Hadiza na da ciki, kuma na riga na zaɓi wanda zan ba ɗanta a cikin labaran: na gobarar.