Kansilan da ya sa manya suka cire takalmi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata sha huɗu ga wata, ina wanke hannu a ɗakin haihuwa, mai gadin asibitinmu ya leƙo ya ce Baba Kansila ya rasu. Na ce masa ya daina irin wannan wasa. Baba, da safiyar ranar fa ka wuce ta ƙofarmu a kan babur, kana tsokanata wai ungozoma ta fi majinyata ramewa. Aka ce yanke jiki ka yi ka faɗi a shagon ƙaninka. Har yanzu zuciyata ta ƙi yarda.

Baba, kai ka hana a riƙa raba kuɗin ƙaramar hukuma daga cikin ofis. Duk sanda kason gwamnati ya sauko, sai ka kafe kan cewa kwamiti ya zauna a inda ake buƙatar aikin. Kun taɓa zama a ajin da ba rufi, rana ta gasa shugaban kwamiti har ya roƙi a gajarta jawabi. Kafin damina aka buga wa ajin kwano. Sun ce taurin kai gare ka, kuma ba su yi ƙarya ba.

Bara ka kawo su bakin rafin da ya raba mu da ƙauyukan ƙetare. Ka naɗe wando ka ce, "Ranku ya daɗe, a cire takalmi. Mata da naƙuda suke tsallake ruwan nan." Ma'aji ya zame, ya jiƙe sharkaf. Kowa ya yi dariya, ni kuwa ina tuna matan da ruwan ya tsare har rai ya yi halinsa. Aka yi alkawarin gada idan kason bana ya zo.

Kason ya zo, aka sa zaman ƙarshe a bakin rafin. Jiya a wurin makoki na ji sakataren kwamiti yana raɗa wa wani cewa an mayar da zaman ofis, wai wurin da nisa. Hadari ya fara haɗuwa, ga masu ciki a ƙetare, ban kuma san ƙofar wa zan buga ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya da yara da ƙannenka, Allah ya ba ku haƙuri. Matan ƙetare kuma, Allah ya sauke su lafiya kafin rafin ya cika.