Baba na jan Azahar da La'asar

Shekarar da Baba ya fara mantuwa ina ƙasar waje, ina karatu a kan wata sabuwar irin kwamfuta da ake kira kwantam. Da Inna ta tambaye ni amfaninta a waya, bakina ya yi mini sauri. Na ce ana sa ran wata rana za ta lissafo magungunan da suka gagari likitoci, har da na mantuwa. Inna ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

Abin da ban gaya mata ba shi ne injin nan ya fi jariri fitina. Ƙwayoyin da yake lissafi da su ba sa riƙe abin da aka ba su sai an sanyaya su fiye da duk wani sanyi da ɗan Adam ya sani. Ɗan ɗumi, ɗan motsi, ko wata wutar lantarki da ta gifta kusa, sai lissafin ya watse. Wannan muke kira hayaniya. Dabararmu ita ce a tara ƙwayoyi masu yawa su tsare guda ɗaya, in ta kuskure su gyara. To su ma masu tsaron suna kuskure, kowace kuma tana son nata sanyin da tata wutar. In kuskure ya fi gyara sauri, ƙara masu gyara ƙara ɓarna ne.

Na dawo gida Ƙofar Atiku ana tsakiyar zafi, fankar ɗaki tana kaɗo iska kamar daga bakin murhu. Baba ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Na bi shi Magariba, na ji ya shiga wata sura ya fita ta wata. Ladan ya tuna masa, ya koma. Ya sake kaucewa, mutum uku suka ɗaga murya tare, kowa daga inda yake ganin an tsaya. Baba ya rasa wanda zai bi, karatun ya watse. Na san abin da nake ji, na sha ganinsa a injinmu, kuma ban taɓa ganin ya gyaru da kansa ba. Tsoro ya kama ni a cikin sallar.

Dattawan unguwa ba su iya cire shi ba. Sai suka ce don a hutar da shi, ya riƙa jan Azahar da La'asar, inda ake karatu a ɓoye. Kowa ya yaba wannan hikima. Ni kam ina bayansa ina kallon ƙeyarsa, na san abin yana ci gaba a ciki, mun daina ji ne kawai.

Ranar da zan koma, Inna ta tare ni a zaure.

"Injin nan naku, yaushe za shi ƙare maganin ga?"

"Da saura, Inna."

"Saura kamar mi?"

"Ba mu kai ga sa shi riƙe lissahi mai tsawo ba tukuna. Mantawa shika yi."

Daga ɗaki Baba ya leƙo da butarsa, ya dube ni, ya tambayi Inna ko an ba baƙon nan ruwa.

"An ba shi, Malam," in ji ta.

Har yau muna waya duk Juma'a. Ba ta sake tambayata injin ba.