Uwar Maƙera a Cikin Burgami

Ni ne da laifi, ba yunwa ba, ba kuma hanya ba. Na daɗe ina ɗora wa waɗannan biyun abin da hannuna ya aikata.

Shekarar da fara ta cinye gero a Adar, ni da yayana muka bar Ibohamane da ƙafa, za mu Madawa neman abin da za mu kawo wa gida. Mu 'ya'yan maƙeri ne. Da muna ɗaure kaya, na jawo uwar maƙerar mahaifinmu, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kansa. Na ce da ita za mu ci abinci a can.

Yaya ya ce, "Aje ta. Ɗauki gorar ruwa ta biyu. Abin da ka ɗaga da hannu guda ƙofar gida, bisa dutse sai ya zame maka jaki."

Na ce, "Namiji ba shi auna kaya, Yaya."

Ya ce, "Namiji da wuyan zakara? Aje ta, na ce."

Na ce to. Da ya juya baya, na tura ta ƙasan burgami, jakata ta fatar akuya, na rufe da fata, na bar gorar a gindin rumbu.

Al'adar matafiyanmu ita ce a yi musayar kaya a kowane zango, don kada wani ya cutu. Mun hau wani tudu mai baƙin dutse, inda babu inuwa, gammo ya fara cin tsakar kaina, wuyana yana rawa. Da muka sauke da azahar, Yaya ya ɗaga burgamina. Ya tsaya. Ya dube ni.

"Wagga fata taka ta yi ƙiba cikin yunwa," in ji shi.

Ya aza a ka, ya wuce gaba. A zango na gaba na miƙa hannu, ya ce in bari. Ban matsa ba. Wannan ya fi ɓoyewar ci mini rai: na ji daɗi da ya hana ni.

Yana da tari tun damina, na kuma sani. Ruwanmu ya ƙare kafin Buza. Ya riƙa tafiya yana tsayawa, jijiyoyin wuyansa kamar igiyar guga. Kusa da Karofane ya durƙusa, ya tofar da jini. Wani dattijo ya ba mu zaurensa.

Na bar shi kwance, na ce zan kai Madawa in komo da hatsi. A Madawa babu mai neman fartanya, kowa cikinsa yake ji. Na ba da uwar maƙerar aka ba ni ƙwaryar dusa.

Da na komo, an riga an binne shi. A gida na ce zazzaɓi ne.

Sai da furfura ta fito mini na koma Karofane. Dattijon ya rasu, kaburburan shekarar yunwar kuwa sun baje, babu mai iya nuna mini nasa. Na tsaya a gefen maƙabarta, ban san inda zan fuskanta ba. Na ce, "Yaya, ni na sa ta, ni na bar gorar. Na ga kana faɗuwa ban karɓa ba. Ka yafe mini."