Kifin Duje a Hannun Barba Jere

Murfin kumatun hagu na kifin rawaya, inda yake numfashi, ya daina motsi, na dama ne kawai ke buɗewa yana rufewa da sauri. Maƙwabtan da ke leƙowa gidan Jere Baranović a garin Šibenik na bakin teku launinsa suke yabawa su wuce. Nevenka, 'yar maƙwabtansa na ƙasan bene da ta karanta ilimin halittun teku a jami'a, ita ce ta tsaya gaban gilashin har kofin da ke hannunta ya huce, sannan ta ce a hankali, "Barba, kifin nan ba shi da lafiya."

Barba, wato kawu, haka kowa ke kiran Jere. Masunci ne tun yana yaro, har gwiwoyinsa suka hana shi hawa kwalekwale. Tankin gilashin na ɗansa Duje ne, wanda ya tafi aiki Jamus ya bar masa shi amana: murjani masu rai, duwatsu, da kifin nan na tekun ƙasashe masu zafi, wanda Duje ya rena tun bai wuce girman farce ba. Ranar tafiya ya nuna masa buhun gishirin da ake haɗa ruwan tankin da shi, ya ce, "Baba, don Allah wannan kawai."

Jere ya ce to, amma abin bai kwanta masa a rai ba. Ga teku a ƙofar gida, a ce kifi ya rayu a ruwan buhu? A garinsu wanda ya yanke a hannu teku yake tsoma shi, mai mura ruwan teku yake shaƙa. Sai ya shiga ɗebowa a jarka daga bakin kwata, inda masunta ke ɗaure kwalekwale, wani lokacin har da 'yan kifaye a ciki, don su ɗebe wa baƙon kewa.

"Daga ina ruwan nan yake?" Nevenka ta tambaya, kanta a ƙasa.

"Daga inda Allah ya ajiye shi. Ko a jami'arku an hana kifi shan teku?"

"Ba a hana ba, Barba. Ƙananan nan ne suka zo da tsutsa a kumatunsu. Su sun saba da ita, shi bai saba ba."

Jere ya nemi kujera ya zauna. Ta ce dole a fitar da kifin zuwa wani tanki daban inda za a yi masa magani, amma sai an fara tsoma shi a ruwan daɗi marar gishiri.

"Ruwan daɗi? Yarinya, miya za mu yi da shi?"

"Tsutsar za ta riga shi mutuwa, in mun cire shi a kan lokaci."

Ta tace ruwan, ta ɗumama shi daidai da na tankin, ta zuba a kwano. Da ta sa 'yar koma, kifin ya shige cikin duwatsu. Jere ya ce, "Kauce, 'yar boko." Ya naɗe hannun riga ya jira shiru har kifin ya fito da kansa, sannan ya tallabo shi ya sa a kwanon. Ya kama kifi iyakar rayuwarsa, bai taɓa kama wanda yake tsoron ji masa ciwo ba.

A cikin kwanon kifin ya kwanta a gefe ɗaya. Jere ya kai hannu.

"Tukuna, Barba."

Ya dunƙule hannun ya riƙe a ƙirji. Can sai fararen abubuwa kamar riɗi suka fara zuba daga kumatun suna taruwa a gindin kwano. Da ta gyaɗa kai ya ɗauke shi ya sa a sabon tankin. Kifin ya nutse, ya jirkice, ya miƙe. Murfin hagu ya buɗe kaɗan.

Jere da kansa ya kira Duje ya faɗa masa komai. 

"Baba, ai ka ce min to."

"Na ce."

"Yana ci?"

"Bai fara ba."

"In ya ci ka kira ni."

Da la'asar kifin ya matso ya tsinki ganyen teku da Nevenka ta maƙala masa a jikin gilashi. Jere ya sake kira. Duje ya numfasa, sannan ya tambaye shi gwiwa.

Da yamma ya soya sardin da man zaitun, ya zuba rabi a faranti, ya sauka bene a hankali, yana dafa bango, ya kai wa Nevenka da mahaifiyarta.