Ayar Maraɗi da Dabinon Dutse

Na shekara fiye da goma ina yin kunun aya a gidanmu na Sheshe. Na fara ne bayan na bar koyarwa a firamare. Injin markaɗe yana bakin layinmu, firiza biyu suna ɗakin tsakar gida, robobi kuwa maigidana ke sayo mini sababbi daga Ƙofar Wambai, inda yake da rumfar takalma. Shaguna huɗu nake bai wa, sauran masu saye kuma har gida suke zuwa. Aya, dabino, kwakwa, 'yar citta da kanumfari, su ke nan kayan haɗina. Ban taɓa zuba sukari ba, kuma da wannan aka san ni.

Ayar da dabinon duk daga hannu ɗaya suke zuwa mini. Wata Hajiya ce 'yar Maraɗi, ƙawar marigayiya mahaifiyata, wadda ta tsufa a kan hanyar Kano tana fatauci. Duk bayan 'yan makonni sai ta iso da buhunanta a babbar mota, ta sauke na 'yan kasuwa a Dawanau, ta taho mini da nawa. A gidanmu take sauka. Doguwa ce, mai babbar murya, da haƙorin Makka guda biyu. Tun daga soro za ka ji ta tana kira: "Ɗiyata, fito ki ga ayar da ba a taɓa kawo irinta garin nan ba!" Kowane zuwa haka take faɗa, kuma gaskiya ayarta manya ce, mai madara, ba tsakuwa. Dabinon kuwa busasshe ne na can arewa, wanda idan aka jiƙa shi zaƙinsa yake cika tukunya.

Da sojoji suka karɓi mulki a Nijar aka rufe iyaka, ban ɗauki abin da zafi ba. Ina da buhu biyu a ajiye, na ce kafin su ƙare an shirya. Suka ƙare ba a shirya ba.

Na kira Hajiya a waya. Muryarta ta yi ƙasa, abin da ban saba ji ba.

"Kayana suna nan bakin iyaka," in ji ta. "Motoci sun yi layi har ba ka ganin ƙarshensu. Masu albasa kuka suke yi, tasu ta ruɓe cikin mota. Tawa ayar na sa an mayar da ita gida, kada ruwan sama ya taɓa ta."

"To yaushe za ki zo, Inna?"

"Wanda ya rufe shi ya san ranar buɗewa. Ki yi haƙuri, ɗiyata."

Na shiga Dawanau da kaina. Ayar Nijar tana nan jefi-jefi, wadda ake shigowa da ita ta daji a kan babura, amma kuɗinta ya ninka, kuma kowane mako sai ya ƙara hawa. Dabino ya fi ta tsada. Na tsaya gaban wani mai dabino na tambayi kwano, da ya faɗa mini sai na yi dariya, na zaci wasa yake. Bai yi dariya ba.

Nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na sayi dabino kaɗan, na cike gurbin da sukari. Kwana uku na yi ina haka, ba wanda ya ce komai. A rana ta huɗu wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda kullum da hantsi take zuwa ta sha roba ɗaya a kan tabarmata, ta kurɓa sau biyu ta ajiye.

"Malama, wa ya dama miki wannan?"

"Ni ce, Baba."

"A'a. Hannunki ne, amma ba kununki ba ne. Likita ya hana ni sukari, shi ya sa nake zuwa nan. In kin canja, ki gaya mini in sani."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki mayafinta ta fita. Na zauna a bakin rijiya ina jin kamar an kama ni da sata. Da maigidana ya dawo cin abincin rana na gaya masa duk abin da ya faru.

"Ki ƙara kuɗin robar mana," ya ce. "Kowa ya ƙara. Ni ma fatar da nake saye ta tashi."

"In na ƙara yadda dabinon nan ya tashi, mutanen unguwar nan ba za su iya sha ba. Sukari kuma na gama da shi daga yau."

"To sai ki daina, ki koma zoɓo."

"Ba zan daina ba. A ƙasar nan ma ai ana yin dabino."

Na tuna wata malama da muka yi koyarwa tare, 'yar Dutse, wadda takan kawo mana dabinon garinsu a leda idan ta dawo hutu. Na nemo lambarta. Ta ce kawunta yana da itatuwan dabino a bayan gari, kuma an kusa fara girbinsa. A 'yan kwanakin nan ne muka ji a rediyo cewa Nijar da wasu ƙasashe biyu sun ce sun fice daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu. Maigidana ya ajiye cokali ya ce, "Kin ji ko? Wannan ba rufewar kwana biyu ba ce kuma. Ko an buɗe, ba za ta koma yadda take ba." Washegari ya rufe rumfarsa, abin da ba ya yi sai ranar salla, muka hau mota zuwa Dutse.

Kawun nata dattijo ne siriri mai farin gemu. Ya zagaya da mu cikin gonar, yana nuna mana wace bishiya ce mace wace ce namiji, da yadda yake hawa ya ɗaura furen namijin a jikin macen da hannunsa. Ni da na shekara goma ina jiƙa dabino ban taɓa sanin haka ake yi ba. Ya tsinko mini guda uku daga bishiyoyi daban-daban ya ce in ɗanɗana. Na farko ya yi laushi da yawa, na biyu yana da ɗan bauri, na ukun ne ya yi mini.

"Wannan nake so, Malam."

"Kin iya zaɓe," ya ce. "Amma ki sani, bai kai na Agadas bushewa ba. In kika jibge shi a buhu a ɗaki zai yi tsami. Sai kin shanya."

"Ina da soro a sama, rana tana dukansa tun safe."

"To mun daidaita. Ni dai sharaɗina ɗaya: kada ranar da aka buɗe iyaka ki manta hanyar Dutse. Haka 'yan birni suke yi mana."

Na ce masa ba zan manta ba, maigidana shaida.

Aya kuwa ta gida na koma saye, ƙanana, wadda ake nomawa a ƙauyukan Katsina da Jigawa. Tana da tsakuwa, tana da ƙasa, sai an tsince an wanke sau huɗu. Madararta ba ta kai ta Hajiya ba, amma ta fi ƙamshi. Mako biyu na yi ina gwaji. Wani ya yi ruwa-ruwa, wani ya yi tsami kafin la'asar, na zubar da bokiti guda cur a kwata ina kallo. Daga baya na gane sai ayar ta kwana biyu a ruwa ana canja shi, dabinon kuma kada ya daɗe a jiƙe kamar wancan, kwakwa a ƙara kaɗan. Ranar da ya yi daidai na cika roba na kai wa tsohuwar nan har ɗakinta. Na gaya mata gaskiyar abin da na yi a baya, na nemi gafara. Ta sha, ta juya shi a baki.

"Ba irin na da ba ne," ta ce. "Amma babu sukari. Gobe ki ajiye mini tawa."

Na ƙara kuɗin roba kaɗan, na gaya wa masu shaguna dalili, ba wanda ya janye. Da azumi ya kama, lokacin da wasu masu kunun suka tsaya saboda tsadar dabino, ni nawa yana shanye a saman soro. Shaguna biyu suka ƙaru mini.

An buɗe iyaka daga baya, ɓangarenmu da farko, nasu kuma bayan 'yan kwanaki. Wata ranar Laraba da azahar na ji sallama a soro, ƙasa-ƙasa. Na leƙa, sai ga Hajiya. Ta rame, ga buhu uku kacal a bayanta cikin a-daidaita-sahu, ita da take cika rabin mota. Na rungume ta, na shimfiɗa mata tabarma, na kawo mata ruwa da kunu mai sanyi.

Ta ba ni labarin hanya. Takardun da a da ake ɗaga wa hannu a wuce, yanzu sai an sauke kaya an duba. Kowane shinge da abin da ake nema, kuma ba wanda ya san wace doka ce ke aiki, ta da ko ta yanzu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne canji. Da sefa take sayen aya, da naira take sayarwa, in ta koma ta canja sai ta ga wahalar banza ta sha.

Tana magana tana kurɓar kunun. Can sai ta tsaya, ta dubi kofin, ta dube ni.

"Wannan ba ayata ba ce. Dabinon ma ba nawa ba ne."

"Haka ne, Inna. Na Dutse ne."

"Ashe kin sami wasu."

"Na samu. Kuma na yi wa mai dabinon alkawari ba zan bar shi ba. Dabino kam ba zan ƙara saye a wurinki ba. Ayarki nake so, rabi, in haɗa da ta gida."

Na ga ranta ya sosu, ni ma nawa bai yi daɗi ba, domin matar nan ta ɗauke ni a bayanta ina jaririya. Amma na riga na yanke cewa ba zan yi mata ƙarya ba, kuma ba zan sake ɗora sana'ata kacokan a kan hanyar da wani zai iya rufewa da sanarwa ɗaya ba.

"Uwarki ma haka take," ta ce daga ƙarshe. "Ba ta iya zagaye-zagaye ba." Ta shanye kunun. "Cittar nan da kika sa, daga ina?"

"Ta kudancin Kaduna ce. A nan Kurmi nake saye."

"Kin san yadda ake nemanta a Maraɗi yanzu? Masu shayi da masu yaji har gida suke bi na."

Ta gyara zama, muryarta ta fara dawowa. Ta ce idan za ta kawo aya ta koma da citta, ba ruwanta da ɗan canji. Na ce ni kaɗai ba zan iya shanye ayar da za ta biya mata wahalar hanya ba, amma na san mata biyar a Sheshe da Ƙofar Na'isa masu sana'a irin tawa, duk suna kuka da tsada. Na aika aka kira su. Kafin la'asar tsakar gidana ya cika da mata da surutu. Aka zazzage buhu ɗaya a tabarma kowacce ta damƙa ta tauna. Aka yi ciniki mai zafi a kan kwano nawa na citta zai tsaya a kan kwano nawa na aya, Hajiya tana rantsuwa za mu kashe ta, mu muna rantsuwa ita za ta kashe mu. Aka tsaya a kan cewa kowane zuwa za a sake duba farashin kasuwa a daidaita, kuma in hanya ta sake rufewa ba wadda za ta riƙe wata da laifi. Maigidana ya shigo ana tsakiyar haka, ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya, aka sa shi ya yi mana addu'a aka shafa.

Ni aka ɗora wa sayen cittar, domin na fi su sanin busasshiya mai kyau. Kwana biyu na yi ina yawo a kasuwa ina karya ta ina shinshinawa. Ranar Asabar da safe muka raka Hajiya tasha da buhunanta. Ta hau gaba kusa da direba, tana yi wa masu lodi faɗa kada su ɗora mata jarkar manja a kan kaya.

Haka muke yi har yanzu. Wani zuwan ta makara da mako biyu, wani zuwan ta zo da labarin sabon haraji, sau ɗaya ma ta juya daga hanya ba ta iso ba. Idan ta makara ina da ayar gida, ba na fasa dama kunu. Matan da muke haɗaka da su sun kai tara, biyu daga cikinsu sun bi ni Dutse bara, dattijon ya ce zai dasa sababbin itatuwa a gefen rafi. Na ce masa ya dasa irin na ukun nan, ya ce sai na yi haƙurin wasu shekaru kafin su fara 'ya'ya. Na ce ina nan, in Allah ya ba mu rai.